Na Ɗauki Muryar Kakata Ba da Saninta Ba

Anti Raliya, don Allah ki taimaka min, kaina ya ɗaure. A Tandabawi muke, nan Makka, ni da kakata Inna Kabira. Yayata tana aure a Amurka, kuma a jiharsu wai doka ce sai an koya wa yara tarihin kisan ƙare-dangi a makarantar gwamnati. To malamarsu ta ce kowa ya kawo labarin wani dattijo da ya ga irin haka. Shi ne Shahad, 'yar yayar tawa, ta dame ni a waya.

Ita Inna daga birnin Bangi ta gudo lokacin kashe-kashen da aka yi a can, mutum shida aka kashe mata. Ba ta zancen sam. Sai dai duk wata ta hau mota zuwa Tan'im ta ɗauro harama, ta yi wa ɗayansu umra, tana kiran sunansa. Na roƙe ta ta ba da labarin, ta ce halas, magana ta ƙare, wanda aka rufe an rufe.

Ran Talata na ji tana ba wata maƙwabciya labarin tana kuka, sai na danna jawwal, wato waya, na ɗauki muryarta. Minti goma sha ɗaya. Yanzu ga shi a hannuna, Juma'a za su miƙa aikin. Yani ni gani nake gara duniya ta sani. Amma Inna ba ta da iƙama, takardar izinin zama, in abin ya yawata fa? In tura?

'Yar Tandabawi

Ƙanwata, kada ki tura. Kina da gaskiya cewa abin da ba a faɗa wa yara ba mantawa ake yi, shi ya sa ma aka yi dokar. Amma makarantu dokar ta ɗaure, ba kakarki ba. Kukanta amana ne, kuma muryar da ta shiga waya ba ta da linzami, balle ga wadda ba ta da takardu.

Ki same ta yau, ki faɗa mata abin da kika yi, ki nemi gafara, ki goge a gabanta. Sannan ki roƙi abu ɗaya: sunayen shidan nan, a rubuce, ba murya ba hoto, Shahad ta karanta a aji. Sunayen da take kira duk wata ba ɓoye su take yi ba.

In ta ƙi, Shahad ta nemi wani labarin. Ke kuma ki raka ta Tan'im ki haddace su, don ranar da ƙafarta za ta gaza. Allah Ya jiƙansu, Ya sanyaya mata zuciya.

Anti Raliya