Farin tawul a taga

Baban Izzat,

Na tafi layin rigakafi, ban tashe ka ba.

Shinkafa da ƙwan da ke kicin ba saye na yi ba. Farin tawul ɗinka na shanya a taga. Shaf na manta tun da aka kulle gari saboda korona, farin ƙyalle a nan Malesiya alama ce ta gidan da abinci ya ƙare. Ina buɗe ƙofa sai ga maƙwabciyarmu Anti Siew Lan da kaya. Na fara bayani, ta ce, "Ke dai karɓi, wa ya tambaye ki?"

Kar ka mayar, na san halinka. Leƙa buhunmu tukuna. Tawul ɗin bai yi ƙarya ba.

Zaiton