Yaren Kumasi Ya Gudu Daga Bakina

Dogon Dutsi, Juma'a, bayan isha'i

Barci ya ƙi zuwa. Da hantsi aka turo ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni zuwa asibiti. Wani direban Gana da ya ɗauko albasa ya faɗi a bakin kasuwa, ba ya jin Hausa, ba ya jin Faransanci. Kowa ya ce a kira Baba Kumasi, wato ni. Shekara goma sha bakwai na yi ina tafinta a asibitin Kumasi kafin in dawo gida, kuma babu majalisar da ban ba wannan labari ba.

Mutumin ya kama hannuna yana ta magana. Sautin yaren na sani, har na ji ƙamshin ruwan sama a kan jar ƙasar Kumasi, amma ban gane komai ba. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na dubi inda ya dafa, na ce wa malamar asibiti, "Ciwon ciki ne."

Allah Ya sa ta kira ɗan'uwansa mai jin Hausa a waya. Ashe ciwon sukari gare shi, maganinsa ya ƙare. Ba ta tozarta ni ba, cewa kawai ta yi, "Baba, ka gaji, je ka huta."

A Kumasi, ban taɓa ƙara wa marar lafiya kalmar da bai faɗa ba. Da wannan aka san ni.

Da zan fita ya sake riƙe hannuna, ya yi mini godiya da yarensu. Ita kaɗai na gane, kuma ban cancance ta ba.