Akushin Dada

Birnin Kudu,
Lahadi, 17 ga Oktoba, 1976, ƙarfe huɗu da rabi na yamma.

Zuwa ga Yaya Hawwa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam Ƙasimu da yara. Yaya ƙafar Baba? Ina zaune a barandar gidan da makaranta ta ba ni, yanzu na gama zubar da rabin burodi.

Burodi daga Kano mota ke kawo shi, ranar kasuwa kaɗai, dole in sayi na mako. In na ajiye a kan tebur ɓera ya ci, in na rataye kiyashi su bi igiya. A kicin ɗin wani malaminmu na jami'a na taɓa ganin akwatin ƙarfe mai murfi, irin na da, na burodi kawai. Shi nake nema. Na zaga kasuwa, wani mai kanti ya ce samari, ai zamanin roba ne, ya miƙo mini bokiti. Na gwada, burodin gumi yake yi ya yi funfuna.

Malam Iliyasu da muke koyarwa tare ɗan Gwaram ne. Ya ce tsohon akushi mai murfin itace zai yi, kuma ya san wata tsohuwa a Maruta mai irinsa. Na san Maruta garin Baba ne, na kuma san ba ya son a ambace shi. Amma akushi za ni saye, ba zumunci ba. Don Allah kada ki faɗa masa.

Ƙaninki,
Hadi.

Birnin Kudu,
31 ga Oktoba, 1976.

Yaya Hawwa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar kowa, na yi kuskure, kuma zan faɗa miki a jere yadda ya faru.

Mun je a babur ɗin Malam Iliyasu. Sunan tsohuwar Dada. Akushin baƙi ne wulik, bakinsa ya suɗe saboda hannu, murfinsa na zama daram. Da na yi maganar saye ta ce ita akuya take sayarwa. Sai ta ƙura mini ido, ta ce wannan ramammen miji daga ina aka samo mata shi. Ta tambayi sunan mahaifina, na ce Salihu. Ta tambaya ko yana da tabon ƙuna a hannun hagu. Na ce yana da shi. Ta shige ɗaki ta daɗe, har muka fara tunanin tafiya. Ta fito da akushin cike da dambun zogale, ta ce in ɗauka.

Na zaci kyauta ce. Muka cinye, na wanke, na sa burodi. Ya kwana biyar lafiya, ba ɓera ba funfuna. Sai ga Malam Iliyasu yana tambayar yaushe zan mayar wa mutane kayansu. Wai akushin da ya zo da abinci komawa yake yi, kuma ba ya komawa wofi. Kunya ta kama ni, na sa sabon burodi na kai. Dada ta latsa shi da yatsa, ta ce da wannan sosson ake ciyar da mijinta, shi ya sa iska za ta ɗauke shi. Ta juye, ta cika da fura, ta miƙo mini.

A hanya Malam Iliyasu ya ce to, ciyayya ta ƙullu ke nan, kuma ciyayya tsakanin gida da gida take, ba tsakanin mutum biyu ba. Wannan da kunnena na ji. Sauran daga bakin mahaifiyarsa ne, ban tabbatar ba: wai Dada ƙanwar kakarmu ce, ita ta riƙe Baba bayan rasuwar uwarsa, a akushin nan yake cin tuwo, kuma tun kafin 'yancin kai da ya bar garin bai sake takowa ba.

Ke nan na buɗe ƙofar da Baba ya rufe, da sunan gidansa, ba da saninsa ba. In na daina, na wulakanta tsohuwa. In na ci gaba, na saɓa masa. Na janye roƙona na farko. Ki faɗa masa, amma ki bari sai ya ci abinci.

Naki,
Hadi.

Birnin Kudu,
14 ga Nuwamba, 1976.

Yaya Hawwa,

Allah Ya saka miki da alheri. Wasiƙarki da ƙullin sun iso ta hannun direba. Kin ce da kika faɗa wa Baba, sai ya ɗauki sanda ya tafi kasuwa da wannan ƙafar, ya dawo da farin goro, ya ce a aika wa yaron nan ya san inda zai sa. Na karanta wurin har sau uku don kada in sake kuskure.

Jiya na sa goron a akushin na kai. Dada ta buɗe murfin, ba ta tambayi wanda ya aiko ba. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce Salihu na zaton haƙoranta na nan inda ya bar su. Ta sa aka ɗauko magogi, ta goge ƙwaya ɗaya ta ci. Sannan ta cika akushin da dakuwa, ta ce wannan karon ba na mijinta ba ne, Kano za shi. Zan zo da shi ranar Asabar in Allah Ya so.

Ga abin da har yanzu ban sani ba.

Na ɗaya, me ya raba su. Na tambaye ta, ta ce in tambayi mai tabo.

Na biyu, ko Baba zai ci.

Na uku, in ya ci, yadda zai yi. Dada ta ce ni ta sallame ni, ta gaji da ganina. Wanda ya ci, shi zai mayar da akushi.

Ki gaida Baba da kowa da kowa.

Ƙaninki,
Hadi.