Ba Zan Aiko Kaset Ɗin Inna Ba

Zuwa ga Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali a can Ingila, kwalinka ya iso Gwarzo, tare da takardar da kake neman kaset ɗin marigayiya kakarmu Inna.

Na buɗe, na ga taswira da 'ya'yan ludo da littafin dokoki. Wai wasa ne kuka ƙirƙira da abokanka Turawa: a kewaye tebur, kowa ya zama jarumi, a jefa ɗan ludo, a ci ƙasa da yaƙi. Sannu da ƙoƙari. Tun da shirin gwamnati na tsuke bakin aljihu ya raba ka da koyarwa a Kabo, ashe ilimin da ka ƙaro ke nan.

Mu nan, tun da aka ƙaddamar da Shari'a, ɗan ludo ma sai mutum ya yi bayaninsa, amma ba shi ya dame ni ba. Garuruwan dodannin da ake ƙonawa a ci maki, ka raɗa musu sunayen garuruwanmu, Kutama da Kara. Gefensu ka shafa kore, ka rubuta wai daji ne, ba mai shi. Kai da ka yi noma a Gude! Ko saurar da ta shekara bakwai ba a taɓa ba, kafa mata fartanya ka ga ko mai ita ba zai fito ba.

Ka manta ranar da Inna ke ɓarar gyaɗa tana ba mu labari? Malaman taki, masu awon gona don yanka haraji, suka zo da Bature, suka auna gonar babanta da ƙafa, daga baya aka tafi da shi aikin dole, bai dawo ba. Takan ce, "Ko sunansa ba su tambaya ba." Kai ka riƙe rikoda ranar, kana share hawaye da hannun riga.

Wannan muryar kake so a kunna don wasanku ya yi armashi. Wallahi na ji kunya a madadinka. Ba zan aiko ba.

Duk da haka ina kewarka, Yaya. Kai ka koya mini dara, kana bari ina cinye ka da gangan. In Inna kake son ji, zo gida mu zauna a ɗakinta in kunna maka.

Allah ya jiƙanta, ya shirye ka, ya kawo ka kafin zaren kaset ɗin ya tsinke.

Ƙanwarka,
Binta