Turancina Kalma Uku Ne, Ga Baturen Dam Na Tafe

Malam, don Allah ka cece ni kafin ran Asabar! Da ajami na rubuto, allo kaɗai na yi, sai a sa wani ya juya maka.

Ni matuƙin kwale-kwale ne a Yelwa. Turawan da ke gina dam a Kainji suna neman wanda zai riƙa kai masu awon ƙasa tsibirai kafin ruwa ya cinye su, kuma a jirgi mai inji! Malam, ka taɓa ganin abin nan? Kafin ka tsoma filafili sau goma ya ɓace, sai kumfa. Tun da na gan shi ko tuwon Inna ba na jin daɗinsa.

Ga ɓarnar da na yi. Na tsinci kalmomin Turanci uku a bakin leburorin dam: fas, kwik da hori. Don tsokana nake zuba wa Kawu Sallau su in yana gyaran taru, don shi komai a hankali yake yi. Ina ƙarawa da surutun wofi ta hanci, ina ɗaga gira, yara na dariya. Ashe tsoho ya gaskata! Ya je har gaban Sarkin Jirgi ya ce ɗansa ya iya Turanci, aka rubuta sunana. Ran Asabar Bature zai gwada ni. Kawu har riga ya ara mini.

An ce duka ukun sauri ne. To wace ce babbarsu? Wacce zan jefa wa Bature ya san duk kogin Kwara ba mai kamo ni? Ina son jirgin nan, wallahi, kuma ba na son Kawu ya ji kunya.

Naka, Mai Tsokana na Bakin Ruwa.

Ɗana Mai Tsokana,

Ajaminka ya karantu sarai, har ka sa ni dariya. Ga kalmominka. Fas gudu ne mai ɗorewa, irin na jirgin da ya hana ka cin tuwo. Kwik na abin da ake gamawa nan take ne, kamar jefa birgi, ragar kamun kifi. Hori kuwa gaggawa ce, irin ta wanda ya makara. Ba babba a cikinsu, kowacce da wurinta.

Amma ka lura, Bature yana da tafinta, gudu kuma aikin inji ne. Abin da ba shi da shi shi ne mai sanin inda dutse ya kwanta a ƙarƙashin ruwa. Wannan ka sani, kuma ina zaton a jirgin kawun da kake yi wa dariya ka koya.

Son aikin ba laifi ba ne, tsokanar ma ta ƙuruciya ce. Sai dai Kawu ya sa mutuncinsa a kanka. Ka same shi shi kaɗai tun yau ka faɗa masa gaskiya, ku je wurin Sarkin Jirgi tare. Zai yi faɗa, ka haƙura. Gara haka da ya ji a gaban Bature.

Na ƙara maka kalma ta huɗu: silo, wato sannu-sannu. In kun doshi duwatsu, ka ɗaga hannu ka faɗe ta da ƙarfi. Ita ce ta kawunka, kuma ita nake sa ran za ta ba ka jirgin.

Allah ya ba ka sa'a, ya kai ku gaɓa lafiya.