Hannun Tsigi Ya Sake Gocewa

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu ma da sauƙi, sai dai abin da ya sa na ɗauki biro ba mai daɗi ba ne.

Hannun 'yarki Tsigi ya sake gocewa a gwiwa. Ina raka ta makaranta ne muka iso bakin kwatar nan ta kan kwana, na kama hannunta na ɗaga ta don ta tsallake, sai na ji ƙas, ta ƙwalla ƙara. A asibiti sun mayar da shi nan take. Amma nas ɗin ta duba kati ta ga ba yau aka fara ba, ta kalli ƙwaurin yarinyar inda jini ya taru wuri-wuri, sannan ta ce in ɗan jira a waje. Ta ƙofa nake jin tana tambayarta, "Wa yake dukanki a gida?"

Ashe ta kai maganar makaranta, yanzu sun ce in zo in zauna da shugabarsu da wata jami'ar kula da yara. Magana ta riga ta zaga layinmu. Mai shagon da ke kusa da nawa ya daina amsa gaisuwata da baki, sai da kai. Wata mata ta aiko aka karɓe yadinta ban ko yanka ba. Uwar Tsigi kuka kawai take yi.

Don Allah ki zo ki shaida musu ban taɓa ɗaga wa yaro hannu ba. Kada Inna ta ji.

Ƙaninki.

*

Ƙanena,

Wa alaikumus salam. Na karanta, raina ya ɓaci, na kuma karantawa sai haushinka ya kama ni.

Ni zan zo in ce me? Wace yaya ce za ta ce ƙaninta mugu ne? Ba shaidata suke buƙata ba. Kai dai ka naɗe hannun riga ka nuna musu. Ko ka manta da Roba ake kiranka? Kai ne mai kwantar da babban yatsa a kan hannu, kana juya gwiwa baya yara suna ihu. Tun da ka yi gemu ka shiga riga mai dogon hannu, ka ce wa matarka sanyin ƙashi ne. Ai jikin yarinyar nan naka ne sak.

Kuma ba ku kaɗai ba ne. Tun haihuwar autana ƙuguna yake zamewa. Likitan ƙashi ya ce mini jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓinmu ne suka yi laushi, gado ne, har fatar ma ba ta jure bugu. Shi ya sa ko da na so zuwa, doguwar tafiya a mota sai dai a sauke ni kamar buhu.

Inna kuwa ta riga ta ji. Ka san ba a karanta takarda a gabanta a tsira.

Ka gaida uwar Tsigi, ka ce ta share hawaye.

Yayarka.

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na je, kuma na yi abin da kika ce, duk da ban so ba.

Da farko baki na sa. Na yi bayani, jami'ar tana rubutu ba ta ko ɗago kai. Da na ga haka na cire maɓallin hannun riga. Na kwantar da yatsana har ya taɓa hannu, na miƙe gwiwa ta lanƙwashe baya. Shugabar ta ce, "Subhanallahi, bari haka, malam." Ni kuwa tsoro ya sa na ƙara, na ɗaga hannu zan nuna musu kafaɗa, sai kafaɗar ta goce gaba ɗaya.

Yaya, a ƙasan ofishin mutane na kwanta ina nishi. Maigadi aka kira ya ja hannun ina gaya masa yadda zai yi. Lokacin hutun tara ne, yara sun cika taga, wani yana cewa, "Ku zo ku ga baban Tsigi ya karye!" Ita ma tana cikinsu.

Sun wanke ni. Jami'ar ta ba ni haƙuri, ta haɗa mu da likita. Da a nan aka tsaya da na gode Allah. Amma muna fitowa malamarsu ta ja ni gefe ta ce ashe Tsigi ta daɗe tana yi wa 'yan ajinsu wasa da yatsunta, suna taruwa suna tafi. Kin san abin da irin wannan wasan da na yi ina yaro ya jawo mini. Yau almakashi ma sai na naɗe yatsu da ƙyalle nake iya riƙe shi.

A bakin get, gaban iyayen yara, na daka mata tsawar da ban taɓa yi ba. Na ce, "Ke biri ce da za ki riƙa yi wa mutane wasa?" Ta dube ni ta ce, "Baba, ai kai ma yanzu ka yi."

Na juya muka kama hanyar gida. Da muka iso kwata na miƙa mata hannu, sai ta zagaya ta bi ta kan wani katako da aka gitta. A gida ta tambayi uwarta ko a wurina ta samo ciwon, uwar ta ce eh. Ita ma uwar sai a ranar ta san ba sanyin ƙashi ba ne. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce, "Da ka faɗa mini, da na san yadda zan riƙa ɗaukarta."

Ina zuwa shago da wuri, ina dawowa a makare. Ban san da wane ido zan kalle su ba.

Ƙaninki.

*

Ƙanena,

Ina gaishe ka. Tsawar ba ka kyauta ba, ka kuma sani, ba sai na ƙara maka ba. Amma ɓuya a bayan keken ɗinki ba zai ɗaure mata gwiwa ba. Wa ya fi ka sanin yadda ake sauka daga gado ba a goce ba, ko yadda ake ɗaukar jaka? Ranar gashin ƙashi kai za ka kai ta, ba uwarta ba, kuma ka ce su duba ka kai ma. In ka ƙi, zan sa a ɗauko ni da ƙugun nawa in zo.

Inna ta ce a gaya maka ita ma yatsunta haka suke, ba ta taɓa zaton ciwo ba ne.

Yayarka.

*

Gwaggo,

Ina wuni. Ni ce Tsigi. Da biro mai kauri nake rubutu, likita ne ya ba ni, ba ya gajiyar da yatsu.

Muna zuwa asibiti ni da Baba. Shi kaɗai ne babba a kan tabarmar motsa jiki, sauran duk yara ne. Ya ɗinka mini abin ɗaure gwiwa mai ruwan ɗorawa. Na daina wasan yatsu, sai sau ɗaya da aka roƙe ni sosai.

Gwaggo, don Allah ki rubuta wa Baba ki ce ni ba na fushi da shi. Na faɗa masa da kaina, sai ya sunkuyar da kai ya ce zai je ya duba ko ya kulle shago.

Ki gaida Kaka.

'Yarki.