Goma Muke, Baba

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan wasiƙa ba. Ko da kana raye ma ni ce mai karanta maka takarda, kuma wannan ba zan iya buɗe baki in karanta maka ita ba. Shi ya sa sai da ka shekara huɗu a ƙasa na ɗauki alƙalami.

Labarin gida ba daɗi. Damina ta sake yin gardama kamar waccan shekarar. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, daga ƙauyenmu har Hawandawaki ba rumbun da ya cika. Mata sun koma daji tsinkar anza, su jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita. Inna tana nan, sai dai ganinta ya ragu. Yaya Sale ne ke riƙe da gidanka, ya ɗauko tafiyarka da tarinka da taurin kanka, bai bar komi ba. Har yanzu sojoji ke mulki, kuma sun sake aiko da kamiyo, babbar motar kaya, cike da jar dawa, da ma'aikaci mai rubuta sunaye. A kan wannan nake son mu yi magana, don shekara goma ke nan abin yana cin raina.

Ka tuna ranar da suka zo a wancan farin? Gindin gawo, ƙofar mai gari. Soja biyu a tsaye, ma'aikaci a zaune da tsohuwar takardar ƙidaya. Bisa kai ake rabon, kowane kai da tiyarsa. Da aka kira sunanka ya duba ya ga mutum biyar, ya tambaye ka ko haka ne. Takardar nan tun kafin a haife ni aka rubuta ta: kai, da Inna, da Kaka, da Yaya Sale, da Yaya Indo. Bayanta an haife mu mu biyar. Goma muke, Baba. Kai kuwa sai ka ce masa alhamdulillahi, iyali suna nan yadda Allah Ya bar su. Ya sake tambaya, ka sake maimaitawa. Layi har bayan masallaci, mutumin ya rubuta biyar ya kira na gaba.

Na san dalilinka, ka sha faɗa mana. Ba a ƙirga ɗan Adam, dabba ake ƙirgawa, kuma wanda ya faɗi adadin 'ya'yansa ya nuna wa mutuwa ƙofar gidansa. Haka ka ji a bakin kakanninka. To amma ba kai ne ka san adadin damin da ke rumbunka ba tare da ka leƙa ba? In akuya ɗaya ta ɓata, ba kai ke fara ganewa tun daga bakin garke ba? Awaki sun samu lissafinka, mu da ka haifa ba mu samu ba?

Abincin mutum biyar muka raba goma har sabon gero ya fito. Kaka ta fara cewa ita ba ta jin yunwa, tana tura kwanonta gaban ƙanana, ta tafi kafin ruwan farko. Barira autarmu, shekararta uku, ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja. Ba a yi arba'in ɗin Kaka ba ta bi ta. Ka ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, kwana na Allah ne. Amma mutuwar da kake ɓoye mu daga gare ta ba ta nemi takarda ba. Ta shigo ta ƙirga da kanta, kuma ba ta yi kuskure ba.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina tsaye a bayanka ranar, da ƙwarya a hannuna, shekarata goma sha uku, ina lakwal, makarantar bokon da ka kai ni don mai gari ya matsa maka. Na ga lambar da ya rubuta, kuma duk gidanmu ni kaɗai ce zan iya gane ta. Na buɗe baki, ka waiwayo ka dube ni sau ɗaya, na rufe. Kalma ɗaya ce tak. Na ji tsoron idonka fiye da yadda na ji tausayin Barira da ke goye a bayan Inna. Haushinka nake ji, Baba, amma rabin haushin na kaina ne, kuma kai ka ɗora mini shi.

Yanzu ina koyarwa a Mayahi. Da 'yan karare muke fara lissafi. Kullum ina gaya wa yara cewa kara goma goma ne, ko an ƙirga ko ba a ƙirga ba. Faɗin adadi ba ya ƙara ɗaya, ba ya rage ɗaya, adadin yana nan tun kafin baki ya faɗe shi. Ɗan shekara bakwai yana gane wannan a safiya guda. Me ya hana ka, kai da ake kira ka auna gona in 'yan'uwa sun yi rigima?

Makon jiya da na ji masu rabon dawa za su iso garinmu, na bi motar kasuwa, na ƙarasa a ƙafa cikin rairayi. Na tarar da Yaya Sale gaban tebur yana cewa alhamdulillahi, iyali suna nan. Maganarka sak, har da sunkuyar da kan. Na ratsa cikin maza, na kira sunan kowa ɗaya bayan ɗaya ina lanƙwasa yatsa, har Nana, jaririyarsa da aka yi wa suna watan jiya. Goma sha uku. Ma'aikacin ya rubuta. Dattawa suka yi ta salati, Yaya ya ce na tona asirin gidansa a bainar jama'a, kuma bai sake yi mini magana ba. Amma rabo ya shiga gida cikakke, ba wanda ya tura kwanonsa gaban wani.

Kwana uku bayan haka Nana ta kamu da zawo, ta ƙi kama nono. Yara da yawa a garin haka suke, ruwan rijiya ya ja baya ya gurɓace. Na sani, don ni na kai ta gidan likita a Tasawa, kuma haka aka gaya mini. Duk da haka uwarta ta daina miƙo mini ita. Inna kuwa in na shiga ɗaki sai ta juya fuska. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ni ma, ni mai koyar da lissafi, in na ji kukanta sai in riƙa tambayar kaina ko bakina ne. Gadon da ka bar mini ke nan. Ina yi maka addu'a bayan kowace salla, amma ba zan yi maka ƙarya ba, zuciyata ba ta huce ba.

In Nana ta tashi, ni zan koya mata ƙirga, kuma da mutanen gidanmu za ta fara. In kuwa ta zo wurinku, ka karɓe ta, ka zaunar da ita kusa da Kaka da Barira, ka dube su da kyau, ka faɗi su nawa ne. Can dai ba sauran abin da za ka ji tsoro.

Allah Ya jiƙanka. Sai mun zo.

'Yarka ta uku cikin bakwai,
Zuwaira